Fashin Baƙi: Me Ke Tsinka Igiyar Ƙarfe Alhali Kayan Bai Fi Ƙarfinta Ba?

Ta yaya igiyar ƙarfe da masana'anta ta ba da shaidar za ta riƙe tan 28 za ta tsinke a ƙarƙashin kayan da bai kai tan 5 ba? Kuma me ya sa sau da yawa, in aka zo bincike, sai a ji ana cewa "ai da safen nan ma an duba ta"?

Tambayar ta sake tasowa ne bayan haɗarin birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Da yammacin 3 ga Satumba, 2025, taragon Gloria, wanda ke hawa da sauka da mutane a wani titi mai tudu tun shekarar 1885, ya ƙwace ya gangaro a guje, ya kauce daga layinsa a kwana ya daki gini. Mutum 16 suka rasu, akasarinsu baƙi daga wasu ƙasashe. Taragu biyu ne igiya ɗaya ta haɗa ta ƙarƙashin titi, in wannan na hawa wancan na sauka, kamar guga biyu a rijiya ɗaya. Igiyar ta saki daidai inda aka ɗaure ta da taragon sama. An yanka mata wa'adin kwana 600, amma kwananta 337 kacal tana aiki, kuma an yi mata duban ido a safiyar ranar ba a ga komai ba.

A wajenmu in irin wannan ta faru, amsa uku ake ji. Wani ya ce tsautsayi ne, wani ya ce lodi aka yi mata, wani ya ce jabu ce. Kowace amsa tana da ɗan rabonta na gaskiya. Sai dai wanda ya taɓa warware tsinkakkiyar igiya ya duba bakin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya ya san cewa yawancinsu sun daɗe da mutuwa kafin ranar da aka ji ƙara.

Ba kowane haɗarin ƙugiya ne laifin igiya ba

Bari mu fara kawar da wani ruɗani. Injin ɗaga kaya, wanda 'yan jarida ke kira ƙugiya, ma'aikata kuma su ce kiren, yana da hanyoyin kashe mutum da yawa. Wanda ya faɗo a Masallacin Harami ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, ya yi sanadin rasuwar mutum sama da ɗari, ciki har da alhazan Najeriya, har yau akwai masu cewa igiyarsa ce ta tsinke. Ba haka aka yi ba. Iska mai ƙarfi ce ta kifar da injin dungurungum, saboda an bar dogon hannunsa a miƙe sama maimakon a kwantar da shi kamar yadda ƙa'idar masu ƙera shi ta tanada. Kifewa daban, karyewar hannu daban, shanyewar birki daban. Maganarmu a nan ta igiya ce kaɗai.

Mece ce igiyar ƙarfe?

Wanda ya taɓa ganin ana tufka igiyar rama ya riga ya san rabin karatun. Ana ɗaukar siraran wayoyi, mu kira kowace sili, a murɗe su su zama ƙaramar tufka. Sai a ɗauki irin waɗannan tufka guda shida a murɗe su kewaye da wani ɓargo a tsakiya. Ɓargon kan zama na zare wanda aka jiƙa da mai, ko kuma wata 'yar igiyar ƙarfe. In ka ji ɗan kasuwa ya ce 6x19, yana nufin tufka shida, kowace da sili wajen 19, wato sili wajen 114 ke nan. 6x36 kuwa ta haura sili 200. Mai sili ƙalilan masu kauri ta fi jure gugar ƙasa da ƙarfe, mai sili da yawa sirara ta fi jure lanƙwasa. Babu wadda ta haɗa duka biyun, kuma zaɓen wadda ba ta dace da aikin ba shi ne kuskuren farko, tun kafin a ɗaga komai.

Wani injiniyan ma'adinai Bajamushe, Wilhelm Albert, shi ya fito da ita a garin Clausthal wajen 1834. Abin da ya kai shi ga haka yana da muhimmanci. Sarƙoƙin da ake jawo ma'adini da su daga rami suna ta tsinkewa ba sallama, domin sarƙa in zobe ɗaya ya karye, shi ke nan, komai ya tafi. Igiya kuwa in sili ɗaya ya karye, sauran ɗari da wani abu sukan rarraba nauyinsa a tsakaninsu. Wato an yi ta ne musamman don ta mutu a hankali, ta ba mai ita notis.

Abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba: igiyar ƙarfe inji ce mai motsi. Duk lokacin da ta lanƙwasa a kan fuli, wato tayar nan mai kwari da take bi ta kai, silin ciki suna zamewa a jikin juna. Ɗaruruwan ƙarafa ne ke gugar juna a cikin duhu. Wanda ba zai yarda ya tuƙa mota ba baƙin mai ba, sai ka ga ya shekara yana aiki da igiya busasshiya ƙamas.

Maganar lodi

Igiya mai kaurin milimita 20, ƙirar 6x36 mai ɓargon ƙarfe, tana sabuwa sai an ɗora mata kusan tan 28 kafin ta tsinke. Amma ba a yarda a yi aiki da ita kusa da wannan adadi ba. Ga igiyar ɗaure kaya, akan raba ƙarfin gida biyar a yi aiki da kashi ɗaya, wato wajen tan 5 da rabi. A liftar ɗaukar mutane a Turai, inda igiyoyi uku ko fiye ke riƙe da ɗaki ɗaya, rarar takan kai ninki 12. Wannan rara ba kyauta ba ce da aka bar wa direba ya ƙara kaya. Ita ce ajiyar da tsufa da tsatsa da fizga za su riƙa ci a hankali.

To ina lodin yake shigowa? Galibi ta ƙofar da ba a sa ido. Kayan tan 3 da aka fizga da ƙarfi, ko aka sako shi a guje aka taka birki farat ɗaya, igiya takan ji shi ninki biyu ko fiye a wannan daƙiƙar. Haka in kaya ya maƙale, ko bututun rijiyar burtsatse ya kafe a cikin ƙasa, direba ya ci gaba da ba inji wuta. A nan ba nauyin bututu igiyar ke ja ba, da ƙasa take kokawa.

Sai kuma lissafin ɗauri. In aka rataye kaya da igiya biyu a tsaye, kowace rabin nauyin take ɗauka. Da zarar an buɗe ƙafafunsu, nauyin da ke kan kowace yana ƙaruwa. In suka kwanta har kusurwarsu da saman kayan ta sauko zuwa digiri 30, kowace igiya ɗaya tana jin nauyin kayan ne gaba ɗayansa. Mai ɗauri yana ganin ya sa biyu, alhali a lissafi bai rage wa ko ɗaya komai ba. Gajeruwar igiya a kan faffaɗan kaya ita ke jawo wannan, kuma kullum ana yi a wuraren gini.

Igiyar da lodi zalla ya tsinka tana da alama. Bakin kowane sili zai miƙe ya sirance kamar alewar da aka ja, gefe ɗaya da tsini, ɗayan da ɗan rami. In mai bincike ya ga haka a dukkan silin, ya san fin ƙarfi aka yi mata. Abin da ya fi gani shi ne sili ƙalilan masu wannan alama, sauran kuma bakinsu a yanke ɗas kamar an sa almakashi, har sun yi baƙi don daɗewa.

Gajiyar ƙarfe: ciwon da ya fi kashe igiya

Ɗauki wayar ɗaure rodi ka lanƙwasa ta gaba da baya. Ba ka ja ta ba, ba ka sa mata nauyi ba, amma kafin ka ƙirga ashirin ta yi zafi ta karye. Wannan shi injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Kowace lanƙwasa tana buɗe wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, tsagar tana ci gaba kaɗan-kaɗan har ragowar ƙarfen ya kasa.

Igiyar kiren haka rayuwarta take. Ta lanƙwasa a kan gangar da ake naɗe ta, ta miƙe, ta lanƙwasa a kan fuli, ta miƙe, sau ɗaruruwa a yini. Shi ya sa girman fuli yake da muhimmanci ƙwarai. Ƙa'idar Amurka ta kiren mai tafiya ta ce faɗin fulin ɗaga kaya kada ya gaza ninki 18 na kaurin igiya. A liftar mutane ninki 40 ake nema. In fuli ya lalace aka je wurin mai juya ƙarfe ya ƙero wani ƙarami "wanda zai shiga", to an rage wa igiyar kwana ba tare da an taɓa ta ba. Mafi muni shi ne a bi da ita ta yadda za ta lanƙwasa dama a wannan fuli, nan take ta lanƙwasa hagu a na gaba.

Kwarin fulin ma yana da nasa. Wanda ya san tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga ke sassaƙa kwari a jikin itacen bakin rijiya. Igiyar ƙarfe ma haka take cin fuli. Tsohuwar igiya ta sirance, ta sassaƙa kwari daidai jikinta. Sai a sayo sabuwa mai cikakken kauri a ɗora a wannan matsattsen kwari. Kwarin ya riƙa matse ta yana tauna silinta, cikin 'yan watanni ta fara fitar da ƙaya. Mai inji ya koma kasuwa yana faɗa an sayar masa da jabu, alhali fulinsa ne ya cinye ta. Na ga wannan rigima fiye da sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin an fara da auna kwarin ba.

Wani abin da ke sa gajiya ta zama mugun ciwo shi ne ba ta bin tsawon igiyar daidai. Kiren da kullum yake ɗaga kaya daga bayan tirela zuwa ƙasa, taku goma ɗin nan ne kawai ke hawa da sauka a kan fuli. Sauran mita hamsin suna nan lafiya lau a naɗe. Mai dubawa in bai san inda zai duba ba, zai yaba mita hamsin ya tsallake taku goman da za su kashe mutum.

Akwai kuma igiyar da aka ƙera don kada kaya ya riƙa juyawa a sama, irin wadda dogayen kiren na gine-gine ke amfani da ita. Tufkar ciki dama ta murɗa, ta waje hagu. Wurin da suka gitta juna nan suke cin juna, saboda haka ta ciki take fara karyewa, waje na nan sumul. Haka ma igiyar da ke bi ta kan fulin roba: robar ba ta goge bayanta, sai ta ruɓe ta ciki ba alama a waje.

Tsatsa, ƙura da giris

Tsatsa iri biyu ce. Ta waje kowa na ganinta. Ta ciki ita ce matsala: ruwa ya shige tsakanin tufka, man ɓargo ya ƙare, sili su riƙa yin ƙananan ramuka, kowane rami kuma mafarin tsaga ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsatsa ce ke tsaga bangon, gajiya ta shige. In su biyun suka haɗu, igiyar da ya kamata ta yi shekaru sai ta ƙare a watanni.

Kiren da ke aiki a tashar Apapa ko Fatakwal iskar gishiri ce abokiyar gabarsa. Namu na Arewa kuwa ƙura ce. Hazon hunturu, ƙurar siminti, garin dutse a wurin fasa duwatsu, duk in suka sauka a kan igiyar da aka lafta wa giris mai kauri, sukan zama wani ƙulli mai kama da sanfefa, igiyar ta riƙa niƙa kanta da shi. Giris ɗin bayan ma yaudara ne, domin ba ya shiga ciki, yana rufe karyayyun sili, yana kuma kulle danshi. Abin da ake so shi ne a goge igiyar da burushin ƙarfe, a sa mata man da aka yi don igiya, mai ruwa-ruwa, daidai inda take lanƙwasa a kan fuli, lokacin da tufkarta ta ɗan buɗe baki. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda shi ne aka fi shafawa a garejinmu, cike yake da garin ƙarfe da dattin ƙonewa.

Zafi ma na kashe ta. Igiya mai ɓargon zare ba a son ta wuce digiri 80 da 'yan kai, don ɓargon yakan bushe ya ƙone, tufka su rasa abin jingina su faɗa kan juna. Mai walda da ya bari wutarsa ta bi ta jikin igiya, ko igiyar ta taɓa wayar lantarki, wurin ya tashi daga aiki ko da tabon bai fi ƙwayar gero ba.

Bakin igiya, inda ido ba ya kaiwa

Manyan haɗurran shekarun nan kusan duk wuri ɗaya suke nunawa: inda igiya ta ƙare aka ɗaure ta da wani abu. A nan duk girgizar da ta biyo tsawon igiyar take tsayawa, a nan ruwa ke kwanciya, kuma nan ne aka rufe da ƙarfe.

A Lisbon, masu bincike sun ce wurin da igiyar ta saki ba ya ganuwa sai an kwance kayan. Daga baya kuma suka bayyana cewa igiyar ba ta cika sharuɗɗan da kamfanin sufurin birnin ya gindaya wa kansa ba, ba ta kuma da shaidar cewa ta dace da jigilar mutane.

A Italiya, ranar 23 ga Mayu, 2021, keken igiya mai hawa dutsen Mottarone ya kusa isa tasha igiyar da ke jansa ta tsinke dab da inda aka dasa bakinta. Mutum 15 ne a ciki, 14 suka mutu. Masana da kotu ta naɗa sun gano cewa wajen kashi biyu cikin uku na silin wurin sun riga sun karye saboda gajiya da tsatsa tun kafin ranar. Birkin gaggawa da zai riƙe keken kuwa an toshe shi da gangan, don yana yawan tsayar da aiki.

A Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico, wani dandali mai nauyin tan 900 ne ke rataye a kan igiyoyi a saman katafaren faifan binciken sararin samaniya mai faɗin mita 305. A Agustan 2020 igiya ɗaya ta zare daga kwansonta. A Nuwamba wata ta tsinke. Ranar 1 ga Disamba komai ya rufto. Bakin igiyoyin an dasa su ne a cikin narkakken zinki, kuma shekara da shekaru suna zamewa kaɗan-kaɗan daga ciki. An ga alamar zamewar, ba a ɗauke ta da zafi ba. Wannan fa wuri ne da ke cike da masana.

Mu dawo gida. Yawancin ɗaurin da za ka gani a winci (injin jan kaya da igiya), motar janwe da injin haƙa rijiya da kilif ake yi, ƙarfen nan mai kama da takalmin doki da ake matsewa da noti biyu. Ko an ɗaura shi daidai, kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin igiyar yake bari. Daidai ɗin kuwa shi ne faffaɗan gindin kilif ya zauna a kan ɓangaren da ke ɗauke da kaya, lanƙwasasshen ƙarfen ya danne guntun wutsiyar da aka naɗo. In aka juya, kilif ɗin ya riƙa cizon igiyar mai aiki. Je ka duba motocin janwe goma, za ka ga an sa su wannan na kallon gabas wancan na kallon yamma, an sa biyu inda ake bukatar uku ko huɗu, kuma tun ranar da aka ɗaure ba a sake waiwayar notin ba, alhali igiya takan sirance bayan ta ɗauki kayan farko, ɗaurin ya saki.

Raunin da hannu ke yi

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. In aka kwantar da naɗin igiya a ƙasa aka riƙa zaro ta ta sama maimakon a mirgina, takan yi ƙulli, in aka ja ƙullin ya zama gwiwa. Gwiwa ba ta gyaruwa, ko an buga ta da guduma ta miƙe. In aka saki kaya farat ɗaya, tufka kan buɗe su tashi kamar kejin tsuntsu. In naɗi ya hau kan juna a ganga ba tsari, na sama ya murƙushe na ƙasa. In aka ɗaure kaya mai kaifin kusurwa ba a sa katako ko tsohuwar taya a tsakani ba, kusurwar ta yanka. Duk wanda aka gani cikin waɗannan, hukuncinsa ɗaya ne, a sauke igiyar.

Abin da tsumma ke gani

Shekarun baya na tsaya a wani yadi a Kakuri da ke Kaduna ina kallon wani dattijon heluma yana duba igiyar kiren. Ya sa aka sauke ƙugiyar har ƙasa, ya goge giris, ya naɗa tsumma a safar hannunsa ya kama igiyar, ya ce wa direba ya ja a hankali. Ba a yi taku biyar ba tsumman ya maƙale. Ya ɗaga, ga sili biyu sun fito kamar ƙayar kifi. Ya yi wa wurin alama da alli, aka ci gaba.

Mai yadin ya fito daga ofis yana duba agogo, don akwai tirela uku suna jira. Ya ce, "Baba, igiyar nan fa ba ta shekara ba. Dubi yadda take sheƙi."

Dattijon bai ɗago ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, giris ne ke sheƙi. Matso ka ji."

Ya kama inda ya yi wa alli da hannu biyu ya lanƙwasa. Sai ga ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, kamar ana taka busasshen kara, wani jan gari mai kama da garin bulo ya zubo a tafin hannunsa. Ya miƙa wa maigidan tafin. Maigidan ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi nawa ne sabuwa.

Abin da dattijon ya yi da tsumma da kunne, ƙa'idojin duniya sun rubuta shi da lamba. Akwai ISO 4309 da ta tsara yadda ake duba igiyar kiren da lokacin yar da ita. A ƙa'idar Amurka, in aka sami karyayyun sili 6 a warwatse cikin tsawon zagaye ɗaya na tufka, wato kamar ninki shida ko bakwai na kaurin igiyar, ko sili 3 a tufka ɗaya, an gama da ita. Ga igiyar nan mai hana juyawa, sili 2 kacal a ɗan wannan tsawo sun isa, don wanda ka gani a waje ɗan aike ne. In kauri ya ragu da fiye da kashi 5 cikin ɗari, ita ma ta tafi. Silin da ya karye a cikin kwarin da ke tsakanin tufka biyu ya fi wanda ya karye a doro haɗari nesa ba kusa ba, domin shaida ce cewa ciki ya lalace. Inda ido da tsumma suka gaza, akwai na'urar maganaɗisu da ake zura igiya ta cikinta ta nuna inda ƙarfe ya ragu. Ramukan ma'adinai masu zurfi da kekunan igiya da ita suke dogara, sai dai ita ma ba ta iya karanta daidai bakin ɗauri.

Laifin wa?

Mai inji yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Igiya mai kyau daga waje ake kawo ta, da dala. Sauya ta na nufin kiren ya kwana biyu ba ya aiki, ga ɗan kwangila na barazanar ɗauko wani. Direba kuma shi ne a tsaka mai wuya: in ya ce ba zai ɗaga ba a ce ya cika tsoro, akwai goma a bakin ƙofa masu jiran kujerarsa, in ta tsinke kuma shi za a fara kamawa. Ɗan kasuwa zai ce shi abin da aka nema ya ba da, an zo ana tambayar mai araha.

Ni a ganina, mafi haɗari a kasuwarmu ba sabuwar jabu ba ce, tsohuwar gaske ce. Igiyar da wani kamfani ya sauke don ta gaji, a wanke ta da kananzir, a shafe ta da giris, a naɗe, ta dawo a matsayin 'yar Beljiyam. Kaurinta na nan, sunan masana'antarta na nan, amma kwanakinta sun ƙare, kuma gajiya ba ta da launi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai a nan ba mai sayen ne ke tsaye a ƙarƙashin kayan ba.

Algus a wannan sana'a ma ba yau ya fara ba. Lokacin gina gadar Brooklyn ta birnin New York, wadda aka buɗe a 1883, an kama ɗan kwangilar waya yana nuna wa masu dubawa mai kyau, a hanya ya musanya da wadda aka ƙi. Kafin a gane, an riga an saƙa da yawa a cikin igiyoyin gadar. Injiniya Washington Roebling ya sa aka ƙara sili 150 a kowace igiya, kuma rarar ƙarfin da aka bari tun farko ita ta rufa asiri.

Su kansu injiniyoyi ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin a yanka wa igiya wa'adi, in ya cika a sauke ta ko tana kyau. Wasu na cewa wa'adi na sa mutane barci, a bi yanayinta kawai. Lisbon ta nuna raunin wa'adi, tunda igiyar ko kashi biyu cikin uku na kwanakinta ba ta ci ba. Mottarone ta nuna raunin duba, in mai duban bai buɗe inda ya kamata ba.

Doka kuwa akwai ta. A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta cikakken bincike duk wata 6 ga igiyoyin ɗauri da duk injin da ke ɗaukar mutane, duk wata 12 ga sauran. A Najeriya Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta binciken igiyoyi da injinan ɗaga kaya lokaci-lokaci, an kuma fitar da ƙa'idoji na musamman a 2018 a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago. Kamfanonin mai da manyan masana'antu suna bi, don abokan hulɗarsu da masu inshora ba sa ɗaga ƙafa. Mai kiren ɗin haya guda ɗaya, mai injin burtsatse, mai winci a ramin zinare, su ne ba mai leƙa su.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba su yi ƙarya ba. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Ina ruwan wanda ba shi da kiren?

Lebura ne ke shiga ƙarƙashin kaya ya daidaita shi da hannu. Mai talla da ɗan acaɓa ne ke wucewa gefen gini inda ake jan bulo da rodi zuwa hawa na biyar ba shinge. In tirela ta faɗa rami aka kawo motar janwe, unguwa guda kan taru a yi da'ira ana kallo, yara a gaba. Igiyar da ke ɗauke da tan goma in ta tsinke ba faɗuwa take yi ba, dawowa take kamar bulala, da saurin da ba a kauce masa, kuma tana iya cire ƙafa ko kai. Wurin tsayawa shi ne nesa da ta fi tsawon igiyar, kuma ba a saitinta ba.

Masu tsoron lifta kuwa su ɗan kwantar da hankali. Igiyoyi da yawa ne ke riƙe da ita, kowace ɗaya na iya ɗaukar ɗakin, ga kuma birkin da ke cafke dogo in gudu ya wuce ƙima, wanda ya samo asali daga birkin kariyar da Elisha Otis ya nuna a New York tun 1854, lokacin da ya hau dandali ya sa aka sare igiyar a gaban jama'a. Sharaɗin kawai kada a yi wa birkin irin abin da aka yi a Mottarone.

Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ke kula da ita, wadda ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi. Leburan da ake sallama kullum da yamma galibi sunansa ba ya cikin kowane littafi, abin da iyalinsa ke samu bai wuce kuɗin asibiti na kwana biyu da buhun shinkafa ranar sadakar uku ba.

Ranar da aka sauke waccan igiya a Kakuri, wani ɗan gwangwan ya zo ya taya ta a naɗe, da kuɗi mai ɗan kauri, ya ce akwai mai injin rijiya da ke nema. Dattijon ya ce ya dawo bayan la'asar. Kafin ya dawo ya sa yaron walda ya yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace ba ta kai tsawon hannu ba. Ɗan gwangwan ya tarar da tsibi, ya yi ta mita, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin kilo.